Daga Takardar Likita Zuwa Jijiyar Yaro: Jagorar Ma'aikaciyar Jinya Mai Ba Yara Maganin Kemo

Likita ne ke rubuta maganin ciwon daji, wato kemo, mai haɗa magani ne ke auna shi ya haɗa, amma hannun da ke ɗura shi a jijiyar yaro na ma'aikaciyar jinya ne. Duk kuskuren da ya kuɓuce wa mutum biyun farko, idan ita ma ya kuɓuce mata, to ya shiga jini ke nan, kuma abin da ya shiga jini babu mai iya janyo shi. Saboda haka babban abin da ake so ta riƙe, gaba da iya saka kanula (siririyar robar da ake sawa a jijiya don ɗura magani) da iya lissafi, shi ne cewa tana da ikon dakatar da magani a kowane mataki idan wani abu bai kwanta mata ba, ko da kuwa babban likita ne ya sa hannu a takardar. Wannan bayani ya shafi maza ma'aikatan jinya kamar yadda ya shafi mata.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kusan 400,000 ne ke kamuwa da ciwon daji duk shekara. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na warkewa, amma a ƙasashe da dama masu ƙaramin ƙarfi waɗanda ke warkewa ba su kai kashi 30 ba, abin da ya sa hukumar ta ƙaddamar da shiri a 2018 da nufin kai adadin zuwa kashi 60 nan da 2030. A asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ire-iren ciwon da aka fi gani su ne sankarar jini, da sankarar ido mai sa ƙwayar idon yaro ta yi fari, da ƙarin ƙoda na Wilms, da kuma sankarar Burkitt mai kumbura muƙamuƙi ko ciki, wadda likita Denis Burkitt ya fara bayyanawa a Yuganda a 1958 kuma take da alaƙa da yankunan zazzaɓin cizon sauro. Dukkansu ana iya warkar da su, kuma rabon da ya faɗa wa ɗakin jinya a wannan warkarwa ba ƙarami ba ne.

Mataki na farko: zama da iyaye tun kafin a taɓa kwalba

Kafin ranar magani, ma'aikaciyar jinya ta karanta tsarin maganin da aka ɗora yaron a kai har ta san zagaye nawa ne, wane magani ke zuwa a wace rana, da tazarar da ke tsakanin zagaye da zagaye. Daga nan ta tabbatar an sami amincewar iyaye a rubuce, kuma amincewar ta fahimta ce, ba dangwala yatsa kawai ba. A gidajenmu sau da yawa uwa ko kaka ce ke zaman jinya, alhali uba ne ke yanke shawara kuma shi ke neman kuɗi, don haka bayanin da aka yi wa uwa ita kaɗai rabin bayani ne. A nemi uban ya zo, ko a kira shi ta waya a gaban uwar, a faɗa masa gaskiyar tsawon lokacin da za a ɗauka da kuma nauyin da ke gaba.

Akwai magana guda da ya kamata a faɗa tun ranar farko, musamman a kan Burkitt, wanda kumburinsa kan sace cikin 'yan kwanaki bayan zagayen farko. Ana iya cewa: "Baba, kumburin nan zai sauka da sauri, za ku ga kamar ya warke sarai. Wannan alama ce cewa magani ya karɓe shi, amma saiwar ciwon tana nan, kuma idan aka tsaya a nan zai dawo da ƙarfin da ya fi na farko." Iyalin da suka ji wannan tun da wuri sun fi dawowa zagaye na biyu. A kuma sanar da su cewa gashi zai zube kuma zai sake fitowa, sannan cutar ba ta yaɗuwa daga yaro zuwa 'yan'uwansa.

Mataki na biyu: duba yaron a ranar magani

A auna nauyinsa da tsawonsa a wannan rana, kada a kwafo na watan jiya, domin yaron da ke fama da amai da rashin ci yana iya ramewa sosai tsakanin zagaye biyu, kuma yawancin asibitoci na sake lissafin magani idan nauyi ya sauya da kusan kashi 10 cikin 100. A ɗauki zafin jiki da bugun zuciya da numfashi da hawan jini. A buɗe bakinsa a duba ko akwai gyambo, a duba fata ko akwai ɗigon jini ko ƙuraje, a tambayi uwa yadda fitsari da bayan gida suke, a kuma tambaye ta cikin lalama ko an ba shi wani jiƙo ko maganin kemis a gida. Idan aka tambaya da faɗa za ta ɓoye, kuma wasu daga cikin irin waɗannan magunguna na taɓa ƙoda da hanta, waɗanda su ne ke fitar da kemo daga jiki.

Sai sakamakon gwajin jini. Tsare-tsare da yawa ba sa yarda a fara sabon zagaye sai fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, wato niyutirofil, sun kai kusan 1,000, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini kuma sun kai kusan 100,000, wasu tsare-tsaren kuma sun ɗan sassauta ƙasa da haka. Abin bi shi ne adadin da ke rubuce a tsarin da sashen ke aiki da shi. A duba gwajin ƙoda da na hanta, da gwajin zuciya ga wanda zai karɓi doksorubisin, domin wannan magani illarsa ga zuciya taruwa take yi, kuma dole a riƙa tara jimillar abin da yaro ya karɓa tun daga farko. Idan akwai zazzaɓi ko adadin jini bai kai ba, a tsaya a kira likita.

Mataki na uku: lissafi, kuma mutum biyu kowa da nasa

Yawancin magungunan kemo da faɗin fatar jiki ake auna su. Hanyar Mosteller ita ce mafi sauƙi: a ninka tsawo a santimita da nauyi a kilo, a raba da 3,600, sannan a ɗauki tushen murabba'in abin da ya fito. Yaro mai tsawon santimita 110 da nauyin kilo 18 zai ba da 1,980, idan aka raba a sami 0.55, tushensa kuma 0.74. Idan binkiristin aka rubuta masa a kan miligiram 1.5 ga kowace murabba'in mita, rabonsa miligiram 1.1 ne, kuma a mafi yawan tsare-tsare wannan magani ba ya wuce miligiram 2 a lokaci guda komai girman majinyaci. Jarirai da yara masu ƙaramin nauyi sosai kuwa da kilo ake yi musu lissafi, ko a rage musu, gwargwadon yadda tsarin ya tanada.

Abin da ke raba 1.1 da 11 ɗigon biro ne guda ɗaya, wanda naɗin takarda ko zanen layi ke iya shafewa. Haka nan aktinomaisin, wanda ake ba masu ƙarin ƙoda, sau da yawa da maikirogiram ake rubuta shi, kuma duk wanda ya karanta shi a matsayin miligiram ya ninka shi sau dubu. Shi ya sa ake son ma'aikata biyu masu horo su yi lissafin, kowa a takardarsa, sannan su gwama. Ɗaya ta karanta ɗaya tana gyaɗa kai ba tantancewa ba ce, domin ido yakan ga abin da kunne ya riga ya ji. A bakin gado su sake gwama sunan yaro cikakke da lambar katinsa da abin da ke jikin ledar magani: sunan magani, adadi, hanyar bayarwa, tsawon lokaci da ranar lalacewa. A ɗakin da ake iya samun yara uku masu suna ɗaya, lambar gado ba shaida ba ce.

Inda iyaye ne ke sayo magani daga waje, akwai ƙarin aiki. A duba hatimin kwalba da lambar rajistar NAFDAC, a tambayi inda aka saya da yadda aka ɗauko shi, domin binkiristin da asfarajines a firji suke zama, kuma kwalbar da ta yi awanni a aljihu cikin zafin watan Afrilu abar tuhuma ce.

Mataki na huɗu: kare kai

Waɗannan magunguna na iya cutar da mai aiki da su idan ana yawan taɓawa ko shaƙa. A sa safar hannu biyu, a sauya su kusan kowane minti 30 ko da zarar sun yage ko sun ɓaci, a sa riga mai dogon hannu wadda ruwa ba ya ratsawa, da tabarau da takunkumi inda ake tsoron fantsama. Haɗa magani wurinsa akwatin haɗa magani na musamman, ba teburin da ake ajiye kofin shayi ba. A cika robar ƙarin ruwa da ruwan gishiri kafin a jona ledar magani, don kada kemo ya ɗiga a ƙasa wajen fitar da iska. Mai juna biyu da mai shayarwa a sauya musu aiki, kuma kada kunyar bayyana ƙaramin ciki ta hana mace faɗa wa shugabar sashe.

Mataki na biyar: jijiya

A nan ne ƙwarewa ta fi bayyana. Wasu magunguna, musamman doksorubisin da binkiristin da aktinomaisin, idan suka kauce wa jijiya suka zuba ƙarƙashin fata suna cinye nama, har ya zama gyambon da kan buƙaci tiyata. Inda yaro ke da bututun da aka dasa a babbar jijiya aiki ya yi sauƙi, amma a asibitocinmu mafi yawan yara ta kanular hannu ake ba su. Don haka a saka sabuwar kanula don irin waɗannan magunguna, kada a dogara da wadda ta wuce kwana ɗaya. A zaɓi jijiya miƙaƙƙiya mai laushi a damtsen ƙasa, tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, a kauce wa gaɓoɓi, domin motsi na ture kanula kuma ɓarna a kan gaɓa na iya nakasa hannu. Idan aka soka aka kuskure, a koma sama da wurin ko ɗaya hannun, kada a koma ƙasa da shi, tunda magani zai bi ta jijiyar da aka huda ya tsiyaye.

A manne kanula yadda za a riƙa ganin wurin shigarta, kada a naɗe hannun gaba ɗaya da bandeji. A ja a ga jini ya dawo, a tura ruwan gishiri a ga ya tafi babu kumburi babu zafi. Idan da sirinji ake turawa, a tura a hankali, a riƙa tsayawa bayan kowane mililita 2 zuwa 5 ana duba dawowar jini, a wanke da ruwan gishiri tsakanin magani da magani da kuma bayan na ƙarshe. Ƙaramin yaro ba zai ce "yana yi mini zugi" ba. Abin da za a gani shi ne kukansa ya sauya, ko ya fara janye hannu, ko ya kai ɗaya hannun yana son cire plasta. Uwa takan riga kowa ganewa, saboda haka a ce mata tun farko: "Mama, idan kika ji kukansa ya bambanta da na tsoron allura, ki faɗa mini nan take, kada ki ji nauyi." A bar yaron a cinyarta maimakon a danne shi a gado, a ba shi waya ko abin wasa, kuma kada a yi masa ƙaryar cewa ba zai ji komai ba, domin gobe ma za a nemi hannunsa.

Akwai doka ɗaya da ba ta da sassauci: binkiristin ta jijiya kawai ake ba da shi. Idan ya shiga ruwan ƙashin baya kusan kullum kisa ne. Hatsarin yana tasowa ne saboda masu sankarar jini da masu Burkitt suna karɓar metotireksat ta ƙashin baya, wani lokaci a rana ɗaya da binkiristin, kuma sirinji biyu marasa launi a faranti ɗaya ba su da maraba a ido. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa tsarma binkiristin a ƙaramar ledar ƙarin ruwa maimakon sirinji, don kada ma a iya jona shi da allurar baya. Ko sashe ya koma wannan tsari ko bai koma ba, kada maganin jijiya ya shiga ɗakin da ake allurar baya, kuma kada a kawo su a faranti ɗaya ko a lokaci ɗaya.

Mataki na shida: sa ido yayin da magani ke tafiya

A ba da maganin hana amai, kamar ondansetiron, kusan minti 30 kafin a fara, a ci gaba da shi bisa lokaci, domin yaron da ya sha wahalar amai a zagayen farko yakan fara tashin zuciya tun daga ƙofar asibiti a na biyu. Kowane magani da abin da ake tsaro a kansa. Saikulofosfamid na iya ƙona mafitsara har a ga jini a fitsari, don haka ana haɗa shi da ruwa mai yawa, da mesna, maganin da ke kare mafitsara, idan adadin babba ne, a kuma sa yaro yawan fitsari. Doksorubisin na mayar da fitsari ja na kwana ɗaya ko biyu, kuma idan ba a faɗa wa uwa ba za ta ɗauka jini ne. Itofosayid na saukar da hawan jini idan aka sake shi da gudu. Binkiristin na jawo taurin bayan gida da ciwon muƙamuƙi da sanyin ƙafa. Metotireksat mai yawa yana buƙatar ruwa da auna fitsari, sannan lukoborin, maganin da ke bin bayansa don kare jiki daga illarsa, dole a ba da shi a kan sa'arsa daidai, ko da ƙarfe biyun dare ne, kuma ba a haɗa shi da ibufurofen ko Septrin a waɗannan kwanaki.

Kwanakin farko na maganin Burkitt da sankarar jini su ne mafi hatsari, saboda ƙwayoyin cutar na mutuwa da yawa lokaci guda, abin da ke cikinsu ya watsu a jini ya toshe ƙoda ko ya rikita bugun zuciya. Ana tare wannan da ruwa mai yawa, kusan lita 3 ga kowace murabba'in mita a rana, wanda babu sinadarin fotashiyam a ciki, da alofurinol, maganin da ke rage abin da ke toshe ƙodar. Aikin ma'aikaciyar jinya shi ne auna duk abin da ya shiga da duk abin da ya fita, ta rubuta da adadi. "Ya yi fitsari" ba rahoto ba ne. Raguwar fitsari, kumburin fuska, ɗaurewar tsoka ko fizge-fizge duk dalilai ne na kiran likita ba tare da jiran zagayen safe ba. Wannan irin sa ido ne ya sa ƙungiyar likitocin ciwon dajin yara ta duniya, SIOP, ta ba da shawarar kada ma'aikaciya ɗaya ta riƙe fiye da yara 5 a irin wannan sashe, kuma ya kamata shugabannin asibitoci su ji wannan adadi daga bakin ma'aikatan kansu.

Mataki na bakwai: idan abu ya ɓaci

Idan ana zargin magani ya zuba ƙarƙashin fata, a tsayar da shi nan take, amma kada a cire kanula tukuna kuma kada a tura ruwa a ciki. A jona sirinji a zuƙo abin da ya samu, sannan a cire, a zagaye wurin da biro, a ɗaga hannun, a kira likita. Ga doksorubisin sanyi ake ɗorawa, ga binkiristin kuwa ɗumi, kuma rikita su na ƙara ɓarna, saboda haka a liƙa wannan a bango inda kowa zai gani. A rubuta lokaci da adadin da ake zaton ya zuba, a ci gaba da duba wurin na kwanaki, domin ƙunar doksorubisin takan jinkirta bayyana.

Idan jiki ya ƙi magani, kamar yadda ake gani da asfarajines da itofosayid, alamunsa borin jini, kumburin leɓe, tari da sarƙewar numfashi. A tsayar da magani, a bar jijiya a buɗe da ruwan gishiri ta sabuwar roba, a sa iskar oksijin, a ba da adirenalin a tsokar cinya bisa umarnin gaggawa na sashe. Kayan nan a tanade su kusa kafin a fara, tare da lissafin adadin yaron a rubuce. Idan kuma a ƙasa magani ya zube, a janye mutane, a sa kayan kariya, a tsane da abu mai shan ruwa daga gefe zuwa tsakiya, a wanke da sabulu, a zuba komai a mazubin sharar kemo.

Mataki na takwas: rubutu, sallama da dawowa

A rubuta abin da aka bayar da lokacin farawa da gamawa da hannun da aka yi amfani da shi, mutum biyun su sa hannu. A koya wa mai zaman jinya cewa har awa 48 bayan magani akwai ragowarsa a fitsari da kashi da amai, don haka ta sa safar hannu ko leda wajen wanke fo da sauya ƙunzugu, ta wanke kayansa daban, kuma idan tana da ciki a samo wadda za ta karɓe ta.

Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan magani garkuwar jiki ke kaiwa ƙasa, kuma a lokacin yaro yana gida. Duk iyali su tafi da ma'aunin zafi, a nuna musu yadda ake karanta shi a hammata, a sa su gwada a gaban ma'aikaciya. Idan ya kai 38, ko yaro ya yi laushi ko yana rawar sanyi, a kawo shi asibiti a wannan sa'ar, kada a ba shi farasitamol a jira gari ya waye, kada kuma a tsaya a kemis a kan zaton zazzaɓin sauro ne. A asibiti za a gwada na sauron, amma ba a jiran sakamako kafin a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, wanda ake so ya shiga cikin minti 60 da isowarsa. Kada a saka masa komai ta dubura, kada a yi masa tsaga ko ƙaho ko sakiya, kada a yi masa allurar rigakafi sai da izinin likitansa, a kuma nisanta shi da mai ƙyanda ko ƙarambau. A ba shi dafaffen ruwa da abinci mai zafi, a kwantar da shi a gidan sauro, a riƙa kurkure masa baki da ruwan gishiri.

Kafin su fita, a rubuta musu ranar dawowa a kati, a kuma faɗe ta da sunan rana yadda ba za a manta ba, kamar "Talata ta sama, ba wannan mai zuwa ba". A karɓi lambar waya biyu ko uku, ta uba da ta wani ɗan'uwa ko maƙwabci, a tambaya kai tsaye ko kuɗin mota ko na magani zai hana su zuwa, don a haɗa su da ofishin jin daɗin majinyata tun yanzu. A ƙa'idar masana, yaron da ya yi mako 4 a jere bai zo karɓar magani ba ana lissafa shi cikin waɗanda suka bar magani, amma sashe bai kamata ya jira hakan ba. A ajiye littafi na ranakun dawowa, a duba shi kowace yamma, kuma duk yaron da ranarsa ta wuce bai zo ba a kira gidansu washegari da safe.